Daga Damagaram zuwa Librebil don kallon Mena

Yawancinmu a rediyo muke jin wasan Mena, ƙungiyar tamola ta ƙasarmu. Ni a shekarar 2012 Allah ya nufa na bi ta har Gabon. Zan ba ku labarin tafiyar, musamman samarinmu masu niyyar fita ci-rani, domin abin da na gano can ya shafe su.

Wannan shekara ita ce ta farko da Nijar ta shiga gasar kofin Afirka. A wasannin share fage Mena ta buge Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu a filin Seyni Kunce na Yamai. Gabon da Gini Ikwatoriyal ne suka karɓi baƙuncin gasar. Na sayar da raguna huɗu da na kiwata, na haɗa da ɗan abin da na ajiye, na fara shiri.

Shirin farko takardu ne. A lokacin Nijar tana cikin CEDEAO, da katin ɗan ƙasa mutum yana shiga Benin ko Togo. Gabon kuwa ba ta cikin ƙungiyar. Sai da fasfo, da biza, da katin allurar shawara. Kuɗinsu ma sefa ne, darajarsa ɗaya da namu, amma takardun kuɗin daban suke. Jikar Yamai ba ta sayen ko burodi a kasuwarsu sai an canza ta.

Na shiga kar a tashar Damagaram da asuba, cikin ɗarin watan Janairu. Muka bi Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, kusan kilomita 900, muka isa Yamai cikin dare. Bayan kwana biyu na hau jirgin sama a filin Diori Hamani. Ban taɓa hawa ba. Da ya ɗaga, na leƙa ta taga na ga kogin Kwara ya zama kamar igiyar guga. Muka sake jirgi a Lome, muka bi ta saman teku har Librebil.

Da aka buɗe ƙofa sai gumi ya rufe ni, rigar sanyina ta zama kaya. Ƴan sandan filin jirgi suka duba katin allura, suka buga hatimi a fasfo, suka ce in wuce. Na sauka wajen wani ɗan kasuwa mutumin yankinmu, wanda ya daɗe a garin. A gidansa na tarar da samari shida ƴan Nijar suna kwana ɗaki guda. Wasu suna gadi, wasu suna talla.

Wasan farko, ranar 23 ga Janairu, masu masaukin baƙi sun ci mu 2 da nema. Wanda na shiga kallo shi ne na biyu, da Tunisiya, ranar 27 ga wata. Filin yana Angonje, arewa da gari. Ƴan Sin ne suka gina shi, yana ɗaukar mutum wajen dubu 40. Muka shiga ƙaramar motar haya da suke cewa taksi-bus, sauran hanyar muka ƙarasa a ƙasa. Ko'ina jandarma da ƴan sanda.

A cikin fili muka tarar da mutanenmu sun kama gefe guda, da tutoci da ganguna da kalangu. Bahaushe, Bazabarme, Buzu, Bafillace da Babarbare, kowa yana ihu da bakinsa. Yawancinsu mazauna Gabon ne da suka rufe shagunansu don wannan rana. Da aka buga taken ƙasa, wani tsoho kusa da ni ya yi ta share hawaye da bakin rawaninsa.

Minti 4 da farawa Msakni ya ci mu. Jikinmu ya yi sanyi. A minti na 9 sai William Ngounou ya rama. Wannan ita ce ƙwallo ta farko da Nijar ta taɓa ci a gasar kofin Afirka. Mutanen da ban sani ba suka rungume ni, hulata ta faɗi ban ƙara ganinta ba. Musa Ma'azu ya yi ta wahal da ƴan bayansu, muna ta sa rai. Saura kaɗan a tashi, Jemaa ya zura ta biyu. Aka tashi 2 da 1.

Da muka koma gida, sai na tarar da uku daga cikin samarin nan zaune gindin rediyo. Ba su je ba. Na tambayi ƙaraminsu, wanda ya fi kowa son tamola, ko kuɗin tikiti ne ya gagara. Ya ce: "Baba, kuɗi akwai. Takardar zama ce babu. In an tsare ni a hanya, sai kurkuku, daga nan a kora ni gida hannu wofi." Ta Najeriya ya bi, ya shiga kwalekwale ya ƙetare teku da dare. Shekararsa uku a Librebil, bai taɓa yawo cikin gari da kwanciyar rai ba. In uban gidansa ya hana shi albashi, ba shi da inda zai kai ƙara.

Ni baƙon mako guda na shiga fili kaina a sama. Shi da ya zubar da guminsa a garin, ƙungiyar ƙasarsa ta zo har ƙofarsa bai iya zuwa ya gan ta ba. Bambancinmu takarda ce kawai.

Don haka, ya ku iyaye, ku yi wa ƴaƴanku takardar haihuwa tun suna jarirai, domin da ita ake samun katin ɗan ƙasa da fasfo. Ku kuma samari, kafin ku sayar da akuya ko gona don tafiya, ku tambayi abin da ƙasar da za ku take buƙata. Kada ku ba da kuɗinku ga mai cewa zai ƙetarar da ku ta ɓarauniyar hanya. Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su gida da alheri.