Fenti Marar Ƙyalli

Kawuna mai fentin motoci ne a Jos, shi ne kuwa ya ke biyan kuɗin makarantata tun rasuwar ubana. Saboda haka kowane hutu can ni ke tafiya in taya shi aiki. Yawanci gugar samfefa ce rabona, amma a hutun Disamba na 2023 ya fara sakar mini bindigar fenti.

Ran nan wani manomi ya kawo tsohuwar Land Rover, ya ce a yi mata kore, amma ba ya son ƙyalli ko kaɗan. Ya fi son irin na motocin soja, waɗanda a kan bari a dushe don kada hasken rana ya tona inda su ke. Ni kuwa na ce a raina, ai wannan aikin yara ne, gama ƙyalli shi ne abin wahala. Ashe ban san kome ba.

Ga yadda abin ya ke. Fenti mai ƙyalli ya kan bushe sumul kamar madubi, haske ya faɗa masa ya komo wuri guda. Marar ƙyalli kuwa akwai wani gari mai laushi ƙwarai a cikinsa, wanda ya kan sa fuskarsa ta yi kaushin da hannu ba ya ji, sai haske ya warwatse. Garin nan ya kan kwanta a gindin gwangwani. Kadan ba a dama shi sosai ba, abin da aka fara zubawa ya yi sheƙi, na ƙarshe ya fito fururu.

Kawu ya fesa gefen dama da kansa, sa'an nan aka kira shi wurin wata rasuwa. Da zai fita ya ce, "Malam ƙarami, ka dama, ka tace, kada ka yi sauri." Na ce, "To, Kawu." Damawar da na yi ba ta kai minti guda ba.

Sa'anda na gama gefen hagu yana ta ƙyalli, amma wannan bai dame ni ba, gama kowane fenti haka ya ke muddin yana ɗanye. Da gari ya waye muka tura motar waje, sai ga ƙofofi da zane-zane kamar jikin jakin dawa, layi mai sheƙi, layi dusashe. Inda hannuna ya yi nawa fenti ya yi kauri, garin ya nutse, wurin ya yi haske. Inda na karkata bindiga da wuyan hannu feshi ya bushe tun bai sauka ba, wurin ya yi kaushi. Bugu da ƙari ƙurar hunturu ta bar tsakuwoyi ƙanana a kan murfin inji.

Babban laifina yana gaba. Tun Kawu bai iso ba na ɗauki tsumma da man gogewa na bi wuraren nan, yadda na saba gani ana yi wa mota mai ƙyalli. Duk inda na goge sai ya zama tabo mai walƙiya, tun da shi ke na share kaushin da ke watsa hasken. Irin wannan fenti ba ya karɓar gyara. Yadda ya fito daga bakin bindiga haka zai zauna, in ya ɓaci sai a kankare a sake gefen duka.

Kawu ya zagaya motar sau biyu bai ce kome ba, wannan kuwa ya fi mini duka zafi. Kuɗin da ya ajiye na zangon karatuna, daga ciki aka sayi wani gwangwanin. Har wa yau tilas muka sake gefen dama wanda ba shi da laifi, domin kwaɓi biyu ba su cika dushewa daidai ba.

Kwana uku ina gugar samfefa. Ran na huɗu da asuba, kafin iska ta tashi, muka yayyafa wa daɓe ruwa, muka zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfuresa, muka kwaɓa abin da zai ishi motar duka a mazubi ɗaya, muka gwada a jikin wata tsohuwar ƙofa. Muka rufe hanci da baki, gama tururin nan yana cin huhu. Sai ya sake miƙo mini bindigar, abin da ban zata ba, ya tsaya a bayana ya riƙe gwiwar hannuna.

"Daga kafaɗa, ba daga wuyan hannu ba," in ji shi. "Inci 6 zuwa 8 tsakaninka da ƙarfe. Kowane layi ya hau rabin na baya. Fara feshi kafin ka shiga ƙofa, kada ka saki sai ka fita." Muka dakata kamar minti 15 har shafin farko ya dushe ko'ina, kana muka bi da na biyu. Mai mota ya zo ran Asabar, ya shafa ƙofa, ya biya, bai san abin da ya faru ba.

Na komo kwaleji da ragowar kuɗin makaranta a kaina, wanda sai watan Maris aka cika shi. A makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa na tarar allon aji huɗu ya yi santsi don yawan shara, yaran da ke zaune wajen taga ba su ganin kome sai haske. Na roƙi hedimasta gwangwanin fentin allo. Yara suna ta dariya, suna tambaya ko tuwo Malam ya ke tuƙawa, gama na yi minti 10 cur ina damawa.