Daga Potiskum zuwa Dagona: Mu kai yara su ga tsuntsaye

Wata rana ƙaramar 'yata ta tambaye ni, "Baba, wai dinya dabba ce ko bishiya?" Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Yaron da ya tashi a Potiskum ya san kowace irin tirela da kowane irin sa a kasuwar shanu, amma tsuntsaye ban da tattabara da balbela sai kame-kame. Ko ungulu da muka saba gani a mahauta muna yara, yanzu ta yi wuyar gani.

Shi ya sa da hutun hunturu ya zo na kwashe su muka kama hanyar Jakusko zuwa Gashuwa, daga nan muka nufi Dagona a ƙaramar hukumar Bade. Tafkin Dagona yana cikin fadamar Haɗejiya da Nguru, kuma yanki ne na gandun Chad Basin da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. A 2008 aka sa shi cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya taɓa zuwa nan a 1989.

Da sanyin safiya muka tsaya a bakin ruwa. Ga kirinjijiya garke-garke suna fito, ga zalɓe ya ƙame kamar an dasa shi, ga dinyar da ake tambaya ta sauka da girmanta. A cikinsu akwai baƙi, agwagin ruwa da ke tsere wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara su yi hunturu a nan, su koma kafin damina. Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "To, su wa ke nuna musu hanya?"

Sai dai ruwan ba kamar da ba. Tun da aka gina madatsun Tiga da Chalawa a Kano ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Abin da ya kori tsuntsu shi ke korar kifi da shinkafa daga tukunyar mutanen yankin.

Ga mai niyyar zuwa da iyali, a je tsakanin Disamba da Fabrairu. Kada a bar yara su shiga ruwan, domin ruwa kwantacce yana iya sa tsargiya. Kada su taɓa mataccen tsuntsu, saboda murar tsuntsaye. A tafi da ruwan sha da rigunan sanyi, da gidan sauro idan za a kwana. Danƙon harbi kuwa a bar shi a gida.

Da muka dawo, yayanta da ke yawo da danƙo a aljihu ya rataye shi a ƙusa. Har yau yana nan a rataye.