Awo Kafin Hukunci

Wani kamfanin sayar da kayan masarufi yana da babban ofishi a Kano da reshe a Zariya, kuma layin sadarwa guda ne ya haɗa kwamfutocinsu. Kullum da hantsi sai layin ya yi nauyi, rasit ɗin da aka saba fitarwa nan take ya ɗauki mintoci, masu saye su gaji su tafi. Da yake laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Daga ƙarshe zargi ya faɗa kan wani ƙaramin akawu na reshen, wanda aka taɓa gani yana kallon ƙwallo a kwamfutar ofis, har manaja ya ce a rubuta masa takardar sallama.

Nan ne matashin injiniyan kamfanin ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku in auna."

Abin da ya dogara da shi kuwa shi ne na'urar da ke tsaye a bakin layin, wadda ake kira rauta. Duk saƙon da zai fita ko zai shigo sai ya bi ta kanta, kuma tana ƙidaya shi kamar mai karɓar kuɗin shiga kasuwa. Ta hanyar ƙa'idar SNMP, wadda ta fito a 1988, ana iya tambayarta wannan ƙidaya. Sai ya ɗora manhajar MRTG, wadda Tobias Oetiker ya rubuta a 1995, ta riƙa tambaya bayan kowane minti 5 tana zana sakamakon.

Zanen ya nuna layin na cika maƙil daga ƙarfe 11 na safe zuwa 1 na rana, kuma daga Zariya kayan ke fita zuwa Kano. Mai kallon ƙwallo kuwa janyowa yake yi, ba aikawa ba. To, wa ke aikawa? Ƙidaya ba ta faɗin suna, don haka ya duba bayanan NetFlow, masu nuna mai aikawa da mai karɓa. Ashe kwamfutar ajiya ce ke tura kwafin bayanan reshen, gigabait 9. Layi mai ɗaukar megabit 10 a daƙiƙa sai ya yi awa 2 cur kafin ya kwashe wannan kaya. An so a sa aikin ƙarfe 11 na dare, aka yi kuskure aka sa na safe. Wanda ya yi kuskuren kuwa shi ne injiniyan da kansa.

Ya kwana yana juyi, domin babu mai iya karanta zanen sai shi. Da gari ya waye ya kai wa manaja takardun, ya faɗi gaskiya. Ya sha faɗa, aka gyara lokacin, akawu ya ci gaba da aikinsa.

Lalle na'ura tana iya auna kaya, amma faɗin abin da awon ya nuna sai mutumin kirki. Allah ya sa mu dace.