Yini Guda A Garin Tit: Ido Nawa Mai Hoto Ke Bukata?

A wannan wata za mu ɗan fita daga cikin Tamanrasat ne, mu nufi arewa zuwa garin Tit tare da wani baƙo da muka yi daga Kano, mai sana'ar ɗaukar hoto. Abin da muka gani a tafiyar muna ganin zai amfani duk wanda ke shirin ƙetare iyaka da kyamara a jaka, da kuma wanda ke jiran ɗan'uwa daga gida yana tunanin shawarar da zai ba shi.

Wannan bawan Allah ya iso mana ne cikin sanyin da ya wuce. A daren da za mu tafi, bayan sallar isha'i, sai ya shimfiɗa darduma ya jera kayan aikinsa. Gilasan nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, waɗanda masu hoton Kano ke kira lens, na Maraɗi da Damagaram kuma su ce objektif, mu a nan ido za mu kira su. Har guda biyar ya zo da su. Akwai na milimita 24 mai kwaso fili da faɗi, da na 35, da na 50 wanda ke ganin abu kusan yadda idon mutum ke ganinsa, da na 85 na ɗaukar fuska, sannan ga wani dogo mai zuƙo nesa daga milimita 70 zuwa 200. Ga wanda bai sani ba, in lambar ta yi ƙasa faɗi ke ƙaruwa, in ta yi sama kuma nesa ce ke matsowa kusa. Shi dogon kaɗai ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, alhali na 50 bai cika giram 200 ba.

Ya dube mu ya ce, "Yaya, wanne zan bari a gida?" Muka ce ya bar uku. Ya yi dariya ya ce bai sha wannan doguwar tafiya ba don ya zo gaban abin ɗauka yana cizon yatsa. Ya mayar da su jaka duka biyar, mu kuma muka yi shiru, domin gani ya kori ji.

Da hantsi muka hau babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga birnin Aljas ta ratsa In Sala, ta biyo ta Tamanrasat har zuwa In Gezam a bakin iyakar Nijar. Tit tana wajen kilomita 40 daga gari. Ba mu yi nisa ba muka zo daura da filin jirgin sama, inda muka roƙi baƙonmu da ya bar kyamara a jaka. Kamar yadda duk mazaunin ƙasar nan ya sani, ba a ɗaukar hoton filin jirgi, ko bariki, ko shingen jami'an tsaro. Haka kuma ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama da tabaran hangen nesa ba a shigowa da su sai da izinin hukuma. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai shirya jaka ya bincika tun yana gida, domin kowace ƙasa da nata dokoki.

Muka wuce ƙauyen Utul, muka isa Tit. Sunan garin a harshen Tamahak na Abzinawan Ahaggar yana nufin ido, kuma yana nufin wurin da ruwa ke ɓuɓɓugowa, daidai da yadda mu ma muke cewa idon ruwa. Garin yana bakin kwari ne, ga lambuna kore shar a tsakiyar duwatsu masu launin ƙasa, ga gidaje a warwatse. A nan ne kuma hanyar Abalesa ta rabu ta yi yamma, inda kabarin Tin Hinan yake, wanda aka tone a shekarar 1925.

Da farko baƙonmu ya ɗaura na 24 ya ɗauki kwarin da lambunansa, kuma hoton ya yi kyau. Da muka hau wajen duwatsu inda ake samun zanen dabbobi da rubutun Tifinag da mutanen dā suka sassaƙa, sai ya cire ya sa na 50. Can ya hango raƙuma, ya cire ya sa dogon. Kafin azahar ya canza ido ya fi sau goma, duk a fili, iska na kaɗawa. Da muka zauna a inuwa ya duba abin da ya ɗauka, sai ga ɗige-ɗige baƙaƙe a sararin samaniyar hotunan, kowane a wuri guda. Ƙura ce ta shiga ta zauna a kan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, kuma takan fi fitowa idan an tsuke ƙofar haske zuwa 11 ko 16. Ya kama bakin rawaninsa zai goge gilashi, direbanmu ya riƙe masa hannu, ya ce yashin nan ƙanƙara ce, in ya goga zai karce gilashin har abada. Hurawa ake fara yi da 'yar robar iska, kafin a kai ƙyalle mai laushi.

Bugu da ƙari, raƙuman da ya zuƙo daga nesa sun fito dishi-dishi. Ba laifin gilashi ba ne. Idan rana ta take, iskar da ke tashi daga dutse mai zafi tana rawa, dogon ido kuwa yana tattaro wannan rawar ne ya ƙara mata girma.

Tit ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin ƙasar nan. A ranar 7 ga watan Mayun 1902 aka gwabza yaƙi a nan tsakanin mayaƙan Ahaggar da rundunar Faransa wadda Laftanar Cottenest ya jagoranto daga In Sala. Mafi yawan mutanen Ahaggar takobi da mashi suka riƙo, su kuwa abokan gabarsu na da bindigogi masu harbi daga nesa, don haka aka yi musu mummunar ɓarna. Bayan shekara biyu, a 1904, Musa ag Amastan ya je In Sala ya yi sulhu da Faransawa, kuma mulkinsu bai kau ba sai a 1962. Baƙonmu ya juya gabas ya juya yamma yana neman abin ɗauka a fagen, amma dutse ne da yashi. Abin da ya sa wurin ya zama wuri yana bakin dattawa, sai wanda ya zauna ya saurara zai samu.

Da la'asar ne abin da ya sa muka rubuta wannan bayani ya faru. Muna wucewa ta gefen wani lambu, baƙonmu ya hangi mutane uku suna ban ruwa. Daga cikin mota ya ɗaga dogon idon nan ya saita su. Nan take ɗaya ya ja rawani ya rufe fuska, biyu suka yar da fartanya suka shige bayan shinge. Muka sa direba ya tsaya, muka sauka da ƙafa, muka yi sallama da Hausa. Sai can wani dattijo ya fito yana amsawa. Ashe 'yan'uwanmu ne, mutanen Kance ta jihar Damagaram, sun zo ƙwadago.

Bayan mun gaisa mun tambayi gida da iyali, baƙonmu ya ce, "Baba, a yi mini aikin gafara, ban yi da wata manufa ba." Dattijon ya ce, "Ɗana, ba komai. Amma wanda ya tsaya daga nesa ya auna ka da abu mai kama da bakin bindiga, ta ina za ka san nufinsa?" Mai karatu ya san abin da yake nufi. Tun daga shekarar 2014 ake kwasar baƙi marasa takardu ana mayar da su Asamaka, don haka ga mutum irin wannan, fuskarsa a hoton da bai san inda za shi ba tana iya zama sanadin rasa abincin iyalinsa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, to ga mai ido biyar bai ga wannan ba.

Aka hura gawayi aka ɗora shayi. Sai bayan kofi na biyu baƙonmu ya ciro kyamara, wannan karon da ɗan ƙaramin na 50, ya nemi izini. Dattijon ya yarda a ɗauki hannuwansa da kwamin albasa, ban da fuska. Ƙaramin cikinsu kuwa da kansa ya ce a ɗauke shi sosai, a tura masa ta WhatsApp ya aika wa mahaifiyarsa, wadda ta shekara biyu ba ta gan shi ba. Da na 50 dole ka matso taku uku ko huɗu daga mutum, kuma ba ka isa ka matso haka ba sai ka yi sallama. Da rana ta faɗi haske ya ragu, shi ne dai ya ci gaba da aiki, saboda ƙofar haskensa na buɗewa har 1.8. A cikin duk abin da aka ɗauka a ranar, waɗannan ne baƙonmu ya ce zai wanke ya rataye a shagonsa.

Kada dai a ce mun yi wa dogon ido rashin adalci. Bayan kwana biyu mun hau Asekrem, mai tsawon fiye da mita 2,700, inda Charles de Foucauld ya gina ɗakin kaɗaicinsa a 1911. A can da asuba, na 24 ya mayar da manyan duwatsun nan kamar tsibin doya a kasuwa, sai da aka zuƙo su sannan suka fito jere, wani bayan wani. To amma na 85 ma ya yi wannan aiki, kuma bai sa mai shi haki a hawan dutse ba. Abin da ya fi ba shi wahala a can shi ne sanyi, wanda ya shanye masa batir tun kafin rana ta fito.

Saboda haka ga shawararmu ga mai zuwa wannan yanki, ko mai fita daga nan zuwa wata ƙasa. Ka ɗauki ido biyu: mai faɗi na 24 ko 28 domin fili, da na 50 domin mutane da kasuwa da dare. In kyamararka mai ƙaramin faranti ce, na 35 ne zai tsaya a matsayin na 50. In har za ka hau dutse, ƙara na 85, ka tsaya nan. Ka ɗaura wa kowanne gilashin kariya, ka tanadi robar hura iska da batir na biyu a aljihun da ke jikinka. Ka zaɓi ido tun da safe, in kuma canji ya zama dole, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi shi a cikin mota da tagogi a rufe. Sannan kada ka ɗauki kowa sai ka gaishe shi ka nemi yardarsa, musamman mata da 'yan'uwanmu masu neman na kansu, kuma kada ka sa fuskar wani a Facebook ba da saninsa ba.

Baƙonmu ya koma Kano lafiya. Ya aiko mana cewa hoton saurayin nan ya isa Kance, kuma in Allah ya sake kawo shi, da 'yar ƙaramar jaka zai zo.