Rumfar da ke bin mai ita

Faransawa na ce masa « construction modulaire »: ginin da ake ƙera sassansa a wani wuri bisa awo ɗaya, a kawo su a harhaɗa, in buƙata ta taso a kwance a kai gaba. Na daɗe ina neman sunan da zan ba ɗalibaina da Hausa, har na tsaya ga "ginin haɗe-haɗe". Sunan ne kawai baƙo. Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsinar Maraɗi ko Damagaram ko Adar ya ga yadda ake kafa rumfa: a haƙa ramu, a dasa dirkoki, a gitta itace, a shimfiɗa zana a ɗaure da igiyar kaba. Zanar nan wani ne ya saƙa ta da gamba a ƙauyensu, ya ɗoro ta bisa amalanke ranar kasuwa, bai kuma san gidan da za ta shiga ba. Jinkar ɗaki ma a ƙasa ake ɗaura tsaikonta, a baibaye ta da shibci, sannan maza su taru su ɗaga ta su aza bisa bango.

Abin da zamani ya kawo shi ne ƙarfe. Yau a bakin titunan biranenmu masu walda na jera ginshiƙai da tol, suna ƙera rumfar mota, da madafa, da kejin kaji, da garken tumaki, da ɗan shagon ƙofar gida. Ina ganin bai kamata mu karɓi wannan sabon abu ido rufe ba, bai kuma kamata mu yi masa kallon raini ba.

Amfaninsa na farko mu ma'aikatan gwamnati muka fi kowa saninsa. Malamin makaranta ɗan haya ne, takarda ɗaya ke ɗauke shi daga Tawa ta kai shi Damagaram. In ya gina madafa da bulo da siminti a gidan haya, mai gida ya yi wa aiki. Ranar tashi sai dai ya waiwaya ya dube ta. Rumfar da ke kwancewa kuwa tare da katifa da tukwane take hawa mota. Amfani na biyu, ana gina ta gwargwadon aljihu: bana a kafa ɗaki ɗaya, baɗi in an yi haihuwa ko an sayi akuya a ƙara wani a gefe, ba tare da an rushe komi ba. Na uku, gara ba ta cin ƙarfe, kuma kowane ginshiƙin ƙarfe dirka ɗaya ce da ba a saro daga daji ba. Wanda ya san yadda azarar giginya ta yi wuya, har ana tsaron giginyun Dallol Mawri a yankin Gaya, ba zai raina wannan ba. Na huɗu shi ne wuta. A shekarar 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilu, yara 20 suka rasu. Cikin Nuwamba irinta ta auku a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. Zanar da ke kewaye da murhun gidajenmu ita ce dai zanar nan, kuma iskar hunturu ba ta bambanta makaranta da gida.

To amma kowane allazi da nasa amanu. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, zama ƙarƙashin tol azaba ne: ƙarfen na shan rana yana maido ta bisa kan mutum, alhali zana na tace iska tana ba da inuwa mai sanyi. Iskar da ke gaban hadarin farkon damina kuma, in ta ɗauki zana asarar kaɗan ce. In ta ɗauki tol, wuƙa ce ke yawo a sararin unguwa. Sannan ƙarfe kuɗi yake so a dunƙule, ba kamar zana ba da ake sauyawa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani aibi da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Yawancin abin da ake sayar mana da sunan haɗe-haɗe, walda aka yi masa daga sama har ƙasa. Abin da aka liƙe da wuta ba ya kwancewa sai an yanka. Kuma kowane maƙeri da nasa awo: sashen da aka yi a Maraɗi ba ya shiga ramin wanda aka huda a Yamai. Zana tana da haƙuri, in ta yi tsawo a naɗe bakinta, in ta gaza a ɗora wata a kai. Ƙarfe bai san wannan sassauci ba. In awo ya saɓa da faɗin yatsa ɗaya, aiki ya tsaya.

Ƙasarmu ta taɓa ganin ƙarshen gwanintar wannan fasaha. A 1949 maƙerin gine-gine na Faransa, Jean Prouvé, ya ƙera wani gida na ƙarfe da alminiyom a masana'antarsa ta Maxéville, aka kawo sassansa Yamai aka harhaɗa. Ya yi tunanin zafinmu da kyau: rufi biyu ya yi, da kafa a tsakiyar sama inda iska mai zafi ke fita, da baranda kewaye mai kare bango daga rana. A 1951 aka kafa wasu biyu a Barazabil. Daga ukun nan ba a ƙara ba, don sun fi ginin ƙasa da na siminti tsada, kuma Turawan da aka yi dominsu ba su so su ba. Wajen shekarar 2000 wani dillalin kayan tarihi ya saye su duka, ya kwance, ya maida Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Barazabil a Amurka kan kusan dala miliyan 5. A Yamai daɓen siminti aka bari. Gidan da ke kwancewa yana bin mai shi, haka ne. Amma yana bin wanda ya fi kuɗi ma. Masallacin Yama na ƙasar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma da laka a 1962, ya kuma sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, ba wanda ya iya ɗora shi bisa mota.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, darajar ginin haɗe-haɗe tana ga sashen da za a sauya ranar da ya lalace: a ina za a same shi, wa kuma zai iya sa shi? In amsar ita ce kasuwar mako da maƙerin unguwa, ginin namu ne. In sai an jira kaya daga teku, kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Don haka ni rumfar da na yarda da ita ƴar gaurayi ce: ginshiƙan ƙarfe da aka ɗaure da noti, ba walda ba, ƙafafunsu a kafe sosai cikin ƙasa, rufin tol mai tsawo, da zana a shimfiɗe ƙarƙashinsa da tazarar da iska za ta ratsa, bangon zana a wajen zama, bangon tol ko na laka a wajen murhu. Masu walda kuwa, da za su zauna cikin ƙungiyoyinsu su yarda da awo ɗaya na tsawon ginshiƙi da tazarar huda, da sun yi wa ƴan haya alherin da ba ya bukatar ko dala daga waje. Masaƙan zana ba su taɓa yin taro a kan haka ba, amma zanar Tasawa na zama daidai bisa rumfar Madawa.