Daga ƙungiyar uwayen ƴan lakwal zuwa majalisar gari

Maƙwabcina, ɗan kasuwar albasa a jihar Tawa, ya soma siyasa cikin ƙungiyar uwayen ƴan lakwal. Can, kowace dala sai ya lissafa ta gaban jama'a: kuɗin alli, na teburori, na zanar rumfunan aji da ake sakewa bayan damina. Saboda wannan amana muka zaɓe shi konseye a 2004, muka maimaita a 2011 da 2020.

A majalisar gari kuwa da Faransanci ake lissafi. Ban zarge shi da cin kuɗi ba, amma harajin kasuwa yana shiga, ƴaƴanmu suna cikin rumfa. Duk da haka mukan tare shi bakin masallaci mu tambaye shi.

A watan Afrilu na 2024 sojoji suka rushe majalisun, suka naɗa wakilai. Shi ya koma ga albasarsa. Mu, in zana ta zube, ba mu da wanda za mu tara.