Zaɓen Kyamara Marar Madubi

Da can, kyamarar da masu sana'ar hoto ke ratayawa a wuya tana da ɗan madubi a cikinta. Shi ke karkatar da haske zuwa idon mai ɗauka, in an latsa sai ya ɗaga ya ba hasken hanya. A shekarar 2008 kamfanin Panasonic na ƙasar Japan ya fito da Lumix G1, wadda aka cire wa madubin nan aka sa ɗan allo na lantarki a gurbinsa. Sony ya biyo da a7 a 2013, sa'an nan Canon da Nikon suka fito da nasu manya a 2018. To, ga kaya sun yi yawa a kasuwa, mai saye kuwa kuɗinsa ƙidayayyu ne, watakila ma na tarin shekaru.

Abin da ya fi ruɗin sabon shiga shi ne yawan ɗigo. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, masu talla kuwa su kan yi ta kirari da miliyoyi. Sony a7R IV ta 2019 tana da ɗigo miliyan 61. Amma fa mai miliyan 24, watau 6,000 a tsawo 4,000 a faɗi, ta isa a wanke hoto mai tsawon inci 20 ya fito tas. Wanda aikinsa hoton biki ne da na suna, da wuya a nemi fiye da haka gare shi.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne girman farantin da ke karɓar haske, wanda ya gaji fim. Iri uku ne suka fi yawa. Babban yana da milimita 36 da 24, daidai da tsohon fim. Matsakaici, wanda Fujifilm ya yi suna da shi, kamar 23.5 ne da 15.6. Ƙaramin, irin wanda Panasonic da Olympus suka haɗu suka ƙago, 17.3 ne da 13, watau babban ya kusa ninka shi huɗu. Da rana tsaka bambancinsu kaɗan ne. Sai magariba ta yi, ko an shiga ɗakin amarya mai ƙwan lantarki ɗaya, sa'an nan a ga hoton ƙaramin ya yi tsakuwa-tsakuwa, na babban kuwa sumul. Sai dai babban faranti babban gilashi ya ke bukata, nauyi ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru.

Akwai wani gwaji kuma da ya fi kowane amfani a ƙasa mai zafin rana. A tsai da mutum baƙi sanye da farar babbar riga a tsakar rana, a ɗauka. Kyamara mai rauni, in ta fito da fuska sai rigar ta ƙone fari fat, aikin allurar da ke ƙirji ya ɓace. In ta fito da aikin sai fuska ta dushe. Wadda ta riƙe duka biyu, ita ce ta ƙwarai. Lalle ne kuwa a gwada su a wuri ɗaya, da haske ɗaya, da gilashi mai daraja ɗaya, a duba a babban allo, don ɗan allon bayan kyamara ya kan ƙawata kowane hoto.

Gilashin gaba shi ne rabin aiki. Kyamara mai tsada da gilashi mai araha, kamar doki ne na sarauta da ruɓaɓɓen linzami. Har ila yau galibi kowane kamfani da irin bakinsa, gilashin Canon ba ya hawa Nikon kai tsaye. Saboda haka wanda ya zaɓi kamfani ya ɗaura aure ke nan, rabuwa sai da hasara.

Sauran abubuwa uku ba a ganinsu a hoto, amma su kan ci mutuncin mai sana'a. Na farko batir, gama allon lantarki ya kan sha wuta fiye da madubi. Na biyu ƙura: da ya ke babu madubi a gaba, farantin a fili ya ke in an cire gilashi, hunturu kuwa ba ya ragowa. Na uku wurin katin ajiya. Canon EOS R da Nikon Z6 na 2018 kati ɗaya su ke ɗauka, Sony a7 III ta wannan shekara kuwa biyu. Kati ya kan lalace ba sallama, ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi don mai hoto.

Mai hankali ya fara duban aikin da ke ci da shi, ya raba kuɗinsa tsakanin kyamara da gilashi da batir, ya je kanti da katinsa ya ɗauka da hannunsa. Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai.